Zarto da Guduma Sun Samu Takarda

Yau da hantsi ƙusa ta yaga mini wando a ofishin rajistar kamfanoni. Ƙusar hukuma ce, ta leƙo kai daga bencin masu jira tana dakon mai rabo, sai Allah ya kawo ni. Na miƙe ne zan ba wata dattijuwa wuri, sai na ji ƙyat daga baya, iska ta fara shiga inda ba a gayyace ta ba. Abin takaicin, ni kafinta ne. Tun ina saurayi nake dukan ƙusa a ka, ban taɓa zaton wata rana za su turo 'yar'uwarsu ta rama musu a bainar jama'a ba. Haka na ƙarasa jiran a jingine da bango, duk wanda ya wuce sai ya ɗauka ni ne sabon mai gadi.

Za ku ce me ya kai mai zarto ofishin masu biro. To ku gyara zama.

Ni da ƙanena muke da shagon kafinta a bakin titi, tsakanin mai aski da mai facin taya. Gadaje, ƙofofi, kujeru, duk abin da katako zai yarda ya zama, muna yi. Sunanmu a unguwa shagon 'yan'uwan nan biyu, kuma sunan ya ishe mu ci da sha. Rajista kuwa mun ɗauka ta masu gilashi a ƙofa ce.

Bara sai ga wani bawan Allah a farar mota, da jaka a hammata, ƙamshin turarensa ya danne na fenti. Mu dai Mai Jaka muke ce masa. Ya ce tebura da bencuna na 'yan makaranta yake so, masu yawan gaske. Ya taya, muka ce albarka, ya sake tayawa, ya yi ta matsa mu har sai da ribar ta koma kamar askin dole. Muka karɓa, don zaman banza ya fi shi ciwo. Muka yi aiki har ƙanena ya doke babban yatsansa farcen ya fita. Aka zo da babbar mota aka kwashe, muka yi hamdala.

Bayan wani ɗan lokaci ina zaune ana yi mini aski, talabijin ɗin mai aski na ta surutu, sai ga Mai Girma Garkuwan Ilimi, Hasken Yara Manyan Gobe, yana yanka zare. A bayansa teburanmu ne a jere. Na gane su kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro, har da wanda katakonsa ke da ido a gefen dama. An buga musu sunan wani kamfani da jan fenti. Ga Mai Jaka a gefe yana sunkuyar da kai, ana yabonsa da cewa masana'antarsa ta katako abin alfahari ce ga ƙasa. Mutumin da ya taɓa tambayata ko zarto da wuta yake aiki. Da aka faɗi kuɗin kwangilar, ƙanena da ya leƙo ya ɗauka lambar waya ake karantowa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Washegari na wanke ƙafa na tafi inda ake ba da irin wannan aiki, na ce ni ne na yi teburan, in akwai wasu a ba mu kai tsaye. Akawun da na tarar bai wulaƙanta ni ba. Ya tambayi takardar rajistar kamfaninmu, na ce babu. Ya tambayi asusun banki da sunan kamfani, na ce da sunana dai. Sai ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. A idon hukuma babu ku."

Na dubi hannuwana da suka yi kanta, na dubi nasa. Na so in yi fushi, amma in za a bi gaskiya bai yi ƙarya ba. Mai Jaka ba shi da ko ƙusa ɗaya amma yana da takarda. Mu muna da shago cike da kayan aiki, ba mu da abin nunawa.

A gida uwar yarana ba ta ko tausaya mini ba. Ta ce ai ta daɗe tana faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce kuɗin masu ba da aiki da kuɗin cefane duk a aljihu ɗaya suke kwana, har ba ta san ko da riba take girki ko da gadon amaryar wani ba. Sannan ta tuna mini injin niƙan da ke bayan layinmu. Wa da ƙane ne suka haɗa hannu suka saya, ba rubutu ba shaida, sai amana. Da wan ya rasu, 'ya'yansa suka ce na ubansu ne, ƙanen ya ce da guminsa a ciki. Yau injin na kulle, ɓeraye sun cinye bel, zumunci ya bi su.

"Baban yara," in ji ta, "kai da ƙanenka kuna ƙaunar juna, na sani. Amma ba ku za ku yi rabon ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sakewa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Ana cikin haka sai rediyo ta kawo albishir. Mai Girma Uban Masu Ƙananan Sana'o'i, Inuwar 'Yan Tireda, ya sanar cewa yanzu rajistar kamfani ta zama shan ruwa. Kana kwance a gadonka, ka danna waya, kafin ka juya ɗaya gefen takarda ta fito. Allah ya ja zamaninsa, na gwada. Na kwanta a gadon da na ƙera da hannuna, na danna, wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Na juya dama, na juya hagu, shi ma yana juyawa. Har cajin wayar ya ƙare bai gaji ba. Da na ba mai aski labari sai ya ce laifina ne, gadon da Mai Girma yake nufi ba irin na kafintan bakin titi ba ne.

Dole na nufi ofis. Babur ɗina ba mai, don haka sai da na fara yin rajista a layin gidan mai, inda muka wuni har muka san sunayen 'ya'yan juna, daga ƙarshe aka ce ya ƙare. Na tura babur gida, na hau ƙafa.

Ofishin kam a yaba. A ƙofa akwai allo ya fi ɗakina girma, da hoton Mai Girma yana murmushi, an rubuta cewa an sauƙaƙa komai. A farfajiya ga sababbin motoci a jere, ledar kujerunsu ma ba a cire ba, an ce na zagayen duba lafiyar ƙananan sana'o'i ne. Mu dai ba su taɓa zagayowa ta wajenmu ba, wataƙila suna tsoron ƙura. A ciki kuwa ba wuta. Janareto na nan ƙato, amma shi ma kamar babur ɗina. Zuwa na biyu akwai wuta, ba sabis. Zuwa na gaba akwai wuta akwai sabis, amma Ranka Ya Daɗe Sarkin Sa-Hannu ya tafi wani otal taron ƙara wa juna sani kan yadda za a daina ɓata wa jama'a lokaci.

A gindin bishiyar ƙofar akwai wani mai ruwan dillalai da ake kira Sha-Yanzu. Ya ja ni gefe ya ce me zai sa babba irina ya yi ta jeka-ka-dawo, in kawo abin da ya sauƙaƙa, gobe in karɓi takarda da hatiminta har da leda. Wallahi zuciyata ta raya mini. Allah ya taimake ni na fara shawartar mai aski, shi kuwa ya ce ɗan wansa ya taɓa bin wannan hanya. Takarda ta fito fes, ya sa ta a firam, ya kai banki zai buɗe asusu, aka duba lambar aka ga ta wani gidan kiwon kaji ce. Da ƙyar ya kwana a gida ranar. Na ce a'a, gara in dafa dutse.

Ranar da komai ya haɗu, wuta da sabis da ma'aikata, na isa tagar da ake duba suna. Wata Malama ce a wurin, mai sanyin magana. Ta ce in faɗi sunan da muke so, in wani bai riga mu ba. Na gyara murya na ce Gaskiya. Ta danna ta ce an ɗauka. Na ce Amana. An ɗauka. Nagarta, Adalci, Riƙon Alkawari, duk da masu su. Na ce ikon Allah, ashe duk suna nan a raye, a cikin na'ura suka ɓuya, shi ya sa ba ma haɗuwa da su a kasuwa. Na tambaye ta su masu Gaskiyar wace sana'a suke yi. Ta danne dariya ta ce ba huruminta ba ne, amma an daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba.

Sai na tuna abin da ke rataye a bangon shago. Na ce to Zarto da Guduma fa. Ta danna, ta ɗago kai ta ce ba kowa. Ban yi mamaki ba. A cikin duk masu karɓar kwangilar katako, ba wanda ya san su balle ya yi sha'awar sunansu.

Nan dole in faɗi alheri, don kada a ce bakina bai iya komai ba sai tsiya. Malamar nan ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce da zarar an yi rajista, kamfani ya zama kamar mutum mai zaman kansa: yana da sunansa da ba mai ƙwacewa, da asusunsa, ana iya ƙulla yarjejeniya da shi, kuma a rubuce yake kason kowa tsakanina da ƙanena. Da na miƙa mata ɗan na ruwa, sai ta turo mini abina ta ce in je banki in biya abin da doka ta ce, in riƙe rasit. Na daɗe ina kallonta. Irinsu suna nan, sai dai ba a sa hotonsu a allon ƙofa.

To yau ne ranar karɓa, ranar da ƙusa ta yi mini tarba. Da aka kira Zarto da Guduma, na taho a karkace kamar ƙaguwa, bayana na shafar bango. Aka miƙo mini takardar a cikin kwali, da sunana da na ƙanena. Ban san abin zai taɓa ni haka ba. Na tuna mahaifinmu da ya mutu yana gyaran ƙofofin mutane, ba inda aka taɓa rubuta cewa ya yi wata sana'a a duniya. Na share ido, sannan na kare bayana da kwalin na fito. Aikin farko da kamfanin ya yi ke nan, ya rufa wa shugabansa asiri.

A hanya na tsaya wajen mai aski in nuna masa. Ya goge hannu ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce ta yi kyau, amma in sani takarda ba ta ba da kwangila, sai da uban gida a sama. Na ce na sani. Amma shugabar wata makarantar kuɗi ta ce in mun samu takardar mu zo ta ba mu aiki, don ita ba ta iya biyan kuɗin makaranta a asusun mutum. Gobe ƙanena zai je banki. In kuma manya sun sake raba aiki sun hana mu, aƙalla yanzu sai sun yi wahalar hana mu. A da ko wannan ba ma samu.

Ya ce to Allah ya sa albarka, amma in leƙa shagona, ina da baƙi.

Na leƙa. Mutum biyu ne sanye da riguna iri ɗaya, sun zauna a kan sabuwar kujerar da ba a zo ɗauka ba, ɗaya yana auna allon shagon da igiyar awona. Suka miƙe da fara'a suka yi mini murna, suka ce daga ofishin haraji suke, sun ji abin arziki ya samu. Takardar ko gida ba ta kai ba, uwar yarana ma ba ta gani ba. Shagon nan ba lamba, layin ba suna, amma suka zo ba tare da tambayar kowa ba.

Ban yi musu gardama ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, na ce abin da doka ta ɗora zan biya, a banki, da rasit. Sai dai da na raka su bakin titi, muka tsallake ramin nan da ya ci tayoyin rabin unguwa, na roƙe su alfarma ɗaya. Tunda Allah ya hore musu sanin hanya haka, in sun koma su daure su kwatanta wa masu gyaran titi da masu ruwan famfo, don bayin Allah har yanzu ɓata suke yi.