Injin da Ba Ya Aiki Sai An Gaishe Shi

Wani ne aka ɗauka aikin gadina, wato mai kula da fili da furanni, a wata makarantar mishan kusa da Yangoji, tun zamanin da in ka ce za ka Abuja, ɗan garin nan na wajen Dutsen Zuma kake nufi. Shi da lauje ya saba. Sai wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar wa makarantar injin yankan ciyawa, irin mai tafiya da kansa, kai dai ka riƙe ƙahonsa ka bi shi.

Mama Christiana, matar fasto, ta kira shi ta ce, "Gadina, ranar Asabar za a yi bikin 'yata Helen a filin nan. Ka ga ciyawa har gwiwa. In ka gyara shi tas, aiki naka ne. In ka kasa, akwai masu jira. Furannin can kuma na amarya ne, ko ganye ɗaya kada ya faɗi."

"An gama, Mama."

Andrew, direban makarantar, ya fara koya masa. "Nan za ka zuba fetur. Ka tura wannan, ka ja igiya, ka saki wancan ya tafi." Bai kai ga sauran ba fasto ya ƙwala masa kira, za su Minna sayayyar biki. Andrew ya ce, "Sauran bayani sai na dawo," ya yi gaba.

Mutumin ya zagaya injin yana dubawa. Can sai ya ga wani ɗan huji a murfin tankin, kamar na allura. Ya riƙe baki.

"Kai, Bature da wayo! Shi ya sa ya ba da shi kyauta. Ta nan mai zai riƙa gudu, a ce ni nake sha."

Ya samo ƙaro, ya tauna, ya liƙe hujin tsaf.

To, hujin nan ta nan iska ke shiga tanki, mai ya samu ya gangara zuwa kafireta. In ka toshe shi, kamar ka kifa kwalba ne ka danne bakinta. Amma wa zai gaya masa?

Ya ja igiya. Inji ya ɗauka, *burrr!* Ciyawa na zuba, mutumin na bin sa yana washe baki. Bai kai ƙarshen layi ba, inji ya yi tari, ya sake tari, ya yi shiru.

Mutumin ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami. Ya hura tiyo. Ya goge fulogi da bakin riga. Ya ɗan shure shi. Ko motsi. Ya ce bari ya ga ko mai ne ya ƙare. Yana kwance murfin sai ya ji *fuus*, kamar an yi ajiyar zuciya. Ya leƙa, mai fal. Haushi ya kama shi, ya ce cikin tankin, "To sannu! Sannu da aiki, tunda kai ne babba!"

Ya rufe, ya ja igiya. *Burrr!*

Mutumin ya tsaya sororo. "Wayyo ni! Ashe tun safe ban gaishe shi ba!"

Da injin ya sake mutuwa, sai mutumin ya ce bari ya gwada. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Sannu da aiki." Ya ja, shiru. Ya gyaɗa kai. "Kurma ne. Sai an buɗe masa kunne." Ya kwance murfi, ya rusuna, ya ce, "Barka da rana, Oga. Ya gajiya? Ya baƙunta? Ya aka baro mutanen Ingila?" Ya rufe, ya ja. *Burrr!*

Yana tsugune a gaisuwa ta gaba, Bappayo makiyayi ya zo wucewa da shanunsa. Ya jingina da sanda ya ce, "Gadina, lafiya kake hira da ƙarfe?"

"Yi a hankali, kunnensa a buɗe yake! Aiki yake, amma da ya ɗan taɓa sai ya tsaya a yaba masa."

Bappayo ya ce, "Aradu akwai bijimina mai irin halin nan. Amma filin nan da gaisuwa kaɗai sai kaka. Ba ka ga manoman garinku ba? In an yi gayya, ai kiɗa ake musu."

Mutumin ya buga cinya. Washegari da sassafe ya ɗauko Mato, makaɗin gayya, da gangarsa. Da inji ya mutu sai a buɗe murfi, Mato ya kafa baki a tanki.

"Dodon ciyawa! Na Bature ba ka shan kunu! Kai ka ci, lauje ya kwana da yunwa!"

A rufe, a ja, *burrr!* Mata masu zuwa rafi suka sauke tuluna daga kafaɗa suka hau guɗa. Kafin hantsi fili ya cika da 'yan kallo, ciyawa kuwa ko rabi ba a ci ba.

Ana cikin haka motar fasto ta dawo. Mama Christiana ta fito tana gyara ɗankwali. "Gadina! Biki gobe ne, wa ya ce a fara yau?"

"Mama, ba biki ba ne. Lallashi ne."

Andrew ya matso, ya saurari bayani har ƙarshe, ya karɓi murfin ya juya shi. Ya ce, "Wane ne ya liƙa wannan?"

"Ni ne. Ba sai ka gode ba."

Andrew ya ari allurar ɗankwalin Mama, ya tsokale ƙaron, ya mayar da murfi, ya ja igiya. Ya ce, "Iska yake nema, ba gaisuwa ba." Ya shiga mota ya tafi Kwali ɗauko kujeru.

Inji ya kama aiki, babu tari babu tsayawa. Mutumin na biye da shi har sheƙa yake. Kafin azahar fili ya zama kamar an shimfiɗa tabarma. Mama ta tafa hannu daga baranda. "Yawwa Gadina! Aiki ya zama naka. Kashe shi haka nan."

Nan fa ido ya raina fata. Tun da ya san injin nan, bai taɓa kashe shi ba. Shi ke mutuwa da kansa.

"Oga, an gode. A huta haka."

*Burrr!*

"Oga, Mama ta ce ya isa!"

*Burrr!*

Sai ya tuna kurma ne. Ya saki ƙahon, ya ruga gaba don ya buɗe masa kunne ya yi masa sallama. Inji ya ji an sake shi, ya karkata, ya nufi furannin amarya. Mutumin na gudu a gefensa yana, "Sai an jima! Sai gobe! A gaida gida!" Mato ya zaci sabon salo ne, ya ƙara wa ganga wuta. Ja, fari, ruwan ɗorawa, duk inji ya bi ta kai ya watsa su sama. Ya wuce ya kwashi igiyar shanya da rigar fasto, sannan ya faɗa kwalbati, ƙafafu a sama.

Mama Christiana ta iso, hannu biyu a ka. "Gadina! Ka kashe ni! Me ka yi wa injin nan?"

Mutumin ya cire wani fure daga kunnensa, yana haki.

"Ni kuma, Mama? A hannuna da ladabinsa, ya yi aiki kaɗan ya tsaya a gaisa. Direbanki ne ya lalata masa tarbiyya!"