Bangon Da Ke Kai Abinci Turai

"Ke Sanobar, tsakaninki da Allah, kin taɓa jin gurasa ta ragu da kanta?"

Zebo na tsugunne a bakin famfo tana wanke kofunan shayi lokacin da ta ji uwar mijinta, Mastura, ta jefa wa maƙwabciyarsu wannan tambaya ta kan katanga. Ba ta ɗaga kai ba. Ta dai rage ƙarar famfon.

Ga yadda abin ya faro. Wani ne a garin Margilan, a bar sunansa, tunda matarsa Zebo ma ba ta kama shi. Ɗalibi ne a kwaleji. Wata shekara, tun kafin wayar hannu ta shiga kowane gida, aka ce za a tura ɗalibi guda Jamus ya yi karatun hutun bazara. Wanda aka zaɓa ya faɗo daga kan keke ya karye. Na biye da shi uwarsa ta hana. Abin ya yi ta gangarowa har ya faɗo kan mutuminmu.

Ubansa, Ergash, wanda a gida ake kira Dada, ya yanka rago, aka dafa shinkafar palov a tukunyar biki, unguwa kaf ta ci. Daga ranar ya tare a shagon shayi yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa Turawa da kansu suka roƙa a ba su aron ɗansa.

Ranar tafiya Mastura ta ciro gurasa daga tanderu, mutuminmu ya gatsa sau ɗaya, ta ɗaura wa ragowar zare ta rataye a ƙusa a ɗakin baƙi, don rabonsa da ya bari ya jawo shi gida lafiya. Aka yi kuka, aka yi addu'a, ya tafi.

Bai yi nisa da tafiya ba gurasa ta fara raguwa.

Sanobar ta ce, "Ɓera ne."

Mastura ta ce, "Ɓeran da zai hau bango mai sumul? A gidana?"

Da rana ta take, zafi ya kwantar da kowa, Zebo ta lallaɓa ɗakin baƙi ta tsaya gaban gurasar. Ta dubi gatsar farko, ta dubi sababbin. Kowace na da ɗan tudu a tsakiya. Ɓera ba shi da wushirya. Mijinta yana da ita.

Ta dubi ƙasa, ga ɓurɓushi. Ta bi shi da ido har gindin tsanin da ake hawa cikin silin, inda ake ajiye albasa da busasshen inabi. Ta hau a hankali, ta ɗaga murfin.

Ga mutuminmu zaune kan akwatinsa, daga shi sai singileti, gumi na bin gemunsa.

Ya ce, "Kar ki yi ihu."

Ta ce, "Ni na taɓa yin ihu a gidan nan? Ba kana Jamus ba?"

"Sun kore ni."

"Me ka yi musu?"

"Ban yi komai ba. Zauna ki ji."

Ta zauna kan buhun albasa.

Ya ce, "Gidan wata tsohuwa aka sauke ni, Renate. Na gaishe ta, na tambayi lafiyar 'ya'yanta da jikokinta da maƙwabtanta. Ta kawo nama da dankali ta ce in ci. Na dafe ƙirji na ce na gode, a ƙoshe nake."

"To ai haka ake yi."

"Sai ta ce to. Ta ɗauke farantin."

Zebo ta ce, "Daga faɗa ɗaya?"

"Daga faɗa ɗaya. Ina zaune ina jiran ta sake tayi, ina ji tana kankare naman tana ba wa karenta. Shi bai ce ya ƙoshi ba."

"Washegari fa?"

"Haka. Jibi ma haka. Har na fara gaishe da karen da girmamawa. Amma duk wannan na daure. Abin da ya karya ni shayi ne. Ke kin san yadda ake zuba wa baƙo."

"Ɗan kaɗan a gindin kofi, don a yi ta ƙara masa, ya daɗe ana hira."

"In kuma aka cika?"

Zebo ta sunkuyar da kai. "Sha ka tashi ke nan."

"Ta cika min shi fal. Kuma ba kofi ba ne, turmi ne mai hannu. Tana miƙo min tana murmushi. Na ce a raina tsohuwa ce, wataƙila hannunta ke rawa. Na tafi wurin malamin da ke kula da mu in kai kuka. Kafin in buɗe baki ya ce in zauna, ya ɗauko nasa turmin, ya cika. Na fita na shiga ɗakin cin abinci na ɗalibai, matar da ke rabo ba ta ko dubi fuskata ba, ta cika. Mutum uku a wuni guda, Zebo. Gari ya haɗa baki. Sai in jira su kira 'yan sanda?"

"Ba ka tambayi kowa ba?"

"In tambaya me? Ko a jirgin dawowa sai da ma'aikaciyar ta cika min. Na ce mata, 'yar'uwa, a nan kuma ta ina zan fita?"

Zebo ta danne bakinta da gefen ɗankwali.

Ya ce, "Ta bayan lambu na tsallako. In Dada ya ji na dawo, bayan rago, bayan abin da ya faɗa a shagon shayi, ba zai sake iya fita ƙofar gida ba. Ni kuma ba zan sake iya zama kan kujera ba. Zan zauna a nan har ranar da aka sa. Ki rufa min asiri."

"To gurasar fa?"

"Ai tawa ce."

Zebo ta yi niyyar ta riƙa ɗebo masa ɗan abin da ya saura a tukunya. Mastura ta riga ta. Da yamma ta tara mutanen gida gaban gurasar, idonta jawur.

Ta ce, "Na gane. Yunwa yake ji a can. Rabonsa yake jawowa."

Ergash ya ce, "Daga Jamus?"

"Kai ka ɗauki cikinsa? Kelin, hura tanderu."

Kelin dai Zebo ce, haka ake kiran matar ɗa, ita kuma ta kira uwar miji Oyi. Ta ce, "To, Oyi," ta hura.

Washegari aka rataye ƙullin samsa, wato gasasshen fulawa mai naman rago a ciki, a ƙusar. Rana ta take, gida ya yi barci. Da aka tashi, ƙyalle kawai ke lilo. Mastura ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai daɗi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa.

Sanobar ce ta fara zuwa. Ɗanta Davron yana aikin gini a Rasha, ita ma gurasarsa na rataye tun bara, ko ƙuda bai taɓa ta ba.

Ta ce, "Bangona ba ya kaiwa. Ki ara min ƙusa ɗaya, Mastura. Ai duk waje waje ne."

Aka buga mata ƙusa. Bayanta mai ɗa a soja ta zo, sai mai ɗa a Koriya, sai wata da mijinta ya tafi sayen mota bai dawo ba. Bangon ɗakin baƙi ya koma kamar rumfar mahauta. Ga samsa, ga dafaffen kai, ga palov a ƙwarya an ɗaure da igiya, har da kankana a cikin raga.

Kwanakin farko mutuminmu ya ɗauka Aljanna ce ta sauko masa. Da tafiya ta yi tafiya ya fara zaɓe. Ran nan ya bar ƙullin Sanobar bai taɓa ba.

Sanobar ta shigo ta ga na kowa ya tafi, nata na nan. Ta zube a ƙasa. "Davron ya mutu. Bene ya faɗo masa."

Mata suka taru ana riƙe ta. Wata har ta fara tambayar ina za a aro kujerun zaman makoki. Zebo ta faki ido ta hau tsani.

Ta ce, "Sauko ka ci na Hola Sanobar." Hola dai kamar a ce gwaggo ne.

"Ba zan iya ba. Gishirinta ya yi yawa."

"Ana shirin zaman makokin ɗanta."

"Na ci na soja, na ci na Koriya, na ci kankana da ɓawonta."

"To ka zaɓa. Ko ka ci, ko in ce wa Dada ya hau ya ɗebo albasa."

Da aka janye Sanobar tsakar gida don ta sha iska, ya sauko ya kwashe ƙullin, ya ci yana hawaye. Aka dawo aka ga ƙusa wayam. Davron ya tashi. Aka yi guɗa.

Daga ranar bai sake barin ko loma ba. Rayukan samarin unguwa duka suna wuyansa. Silin ya fara ƙara in ya juya. Ergash ya dubi sama ya ce katakon gidan nan ya tsufa, baɗi sai an sauya.

Ranar dawowa ta zo. Mutanen gida suka fita bakin titi tarye. Zebo ta ce za ta tsaya ta duba tukunya. Dabarar ita ce ya sauko, ya tsallake ta lambu, ya zagayo da akwatinsa a motar haya.

Akwati ya sauko lafiya. Ƙafafu suka sauko. Ciki ya ce bai san zancen ba.

"Ja ni."

"Ina ja."

"Jiya fa na wuce."

"Jiya ba ka ci na bankwana ba."

Ta ruga ta ɗebo kitsen jelar rago da aka soya don palov, ta shafe shi ta ko'ina, ta rataya a ƙafafunsa da dukan nauyinta. Ya fito kamar an zare toshiyar kwalba, suka zube tare. Katangar lambu kuwa ba a tsallake ta ba, bi ta kanta aka yi, har yau wurin a rushe yake.

Can sai ga motar haya ta tsaya, ta karkace gefe guda. Mutuminmu ya fito, kwat ɗin da ya tafi da ita ta ƙi haɗuwa a gaba, yana ƙyalli, yana ƙamshin rago.

Ergash ya dubi abokansa na shagon shayi ya ce, "Kun ga abin da ilimi ke yi?"

Mastura ta rungume iya inda hannunta ya kai, ta ce, "Ilimin me? Kalli yadda suka ramar min da shi. Ba don ni ba da ƙashi za a kawo mana."

Aka shimfiɗa a ɗakin baƙi, ƙarƙashin ƙusoshi. Zebo na daga bakin ƙofa tana zuba shayi. Tun safe abin ke cin ta, ta ce yau in an watse za ta ja Oyi gefe ta faɗa mata komai. Sai ta dubi Ergash yana ta kumbura, ta dubi matan nan kowace ta zo da fuskar wadda ta ciyar da ɗanta duk bazara. Ta dubi mijinta, yana mata alama da ido ta cika masa kofi ya samu ya tashi daga gaban farantin da aka tula masa. Ta zuba masa ɗan kaɗan a gindi. Maganar kuwa ta haɗiye ta, ta ce ko uwar da ta haife ta ba za ta ji ba.

Sanobar ta matso ta kama hannun mutuminmu. "Ɗana, kai da ka fito daga can. Ka ga Davron? Yana samun abin da nake aikawa?"

Ya ce, "Yana samu, Hola. Ya dai ce a rage gishiri."