Ƙofar Da Na Sa Aka Matse

Ranar mu uku ne a saman benenmu na unguwar Mahjar a Jidda: ni, da surukina Habu, da Bala kafinta, ana ƙarasa mini ɗakin katako. Na ga Bala ya bar rata a gefen ƙofa, na ɗaure fuska.

Ya ce, "Hajiya, laimar Jidda tana kumbura katako."

Na ce, "Ha'inci dai! Yalla, maza matse ta."

Bayan kwana uku na idar da sallar la'asar a cikin ɗakin, ƙofa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Habu, da kunya ba ta barin ya kalle ni, shi ya zaro ni ta taga.

Washegari da ƙafata na je kiran Bala. Har yau in na doso, miƙewa yake: "Marhaba da Injiniya!"