Gemun Darakta da Tumatirin Surukina

Jiya na shigo gida wandona jajawur daga gwiwa har ƙasa. Maman yara ta dafe ƙirji, ta zaci sara na aka yi. Na ce ta kwantar da hankalinta, ba jini ba ne, tumatirin yayanta ne. Sai hankalin nata ya ƙara tashi.

Ga yadda aka yi. Masu girma na can sama, Allah ya ƙara wa kumatunsu sheƙi, sun sayo wa manoma motar ɗaukar kaya mai aiki da lantarki, wai ta riƙa kai amfanin gona kasuwa kyauta. Surukina kuwa, wato yayan matata, duk wahalarsa ta bana tana cikin kwandunan tumatirin da ya tsinka, kuma dole su isa kafin kasuwa ta tashi. Da ya ji kalmar kyauta, sai ya sallami Ba-Birki, tsohon direban akori-kurar da ya saba kai masa kaya, har da gaya masa zamani ya wuce shi. Ni kuma aka kira ni taya lodi, don dangi sun daɗe da yanke hukuncin ba ni da aikin yi.

Jama'a, na ga mota. Ko'ina tsini, ko'ina kusurwa, kamar an ɗauko firjin mai sayar da ƙanƙara an sa masa tayoyi. Na jingina da ita in huta, gefenta ya tsaga min riga. Ba ta da fenti, ƙarfe ne tsirara, kana taɓawa shatin yatsunka zai fito, direba ya biyo ka da tsumma yana harara.

Tare da ita aka turo mana Babban Darakta Mai Kula da Lafiyar Mota Guda, mutum mai cikar gemu da cikar tumbi. Kafin a ɗora kwando ya tara mu ya yi jawabi. Ya ce mai kamfanin da ya ƙera ta ya kafa doka: duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe a jikinta, ko silin gashi bai kamata ya samu wurin shiga ba. Ranar da ya shiga, kamfani ya cire hannunsa daga gyara.

Surukina ya ce, "Ranka ya daɗe, to da me ake aunawa?"

"An yi odar na'urar, tana hanya."

"Yaushe za ta iso?"

"Ai na ce maka tana hanya."

Sai ya tsige gashi daga gemunsa, ya kanne ido, ya gwada cusa shi a mahaɗar ƙarfe. Bai shiga ba. Ya ce madalla, a yi lodi.

Ban sani ba ko mai kamfanin nan ya taɓa ganin hanya irin tamu, wadda ake ta alkawarin gyarawa tun ina da suma a kai. Muna faɗawa ramin farko Darakta ya ce a tsaya. Ya sauko, ya tsige gashi, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ya maimaita gashi, wai wanda ya yi aiki ya lanƙwashe, ba zai faɗi gaskiya ba. Rami na gaba ma haka, na gabansa ma haka. Rana ta take, ƙarfen ya ɗauki zafi, ni da tumatir muka shiga zufa a baya.

Surukina ya marairaice. "Don girman Allah, ranka ya daɗe, kayan nan narkewa za su yi. A bari mu isa kasuwa, in ya so ka tsige har gira."

"Kai tumatir kawai ka sani. Ni dukiyar al'umma aka ba ni amana."

"To ni ba al'umma ba ne?"

Darakta ya dube shi sama da ƙasa. "Kai mai cin gajiya ne."

Duk tsayuwar nan na'urar sanyi tana ta aiki a gaba, kada kujerar Darakta ta ɗumama. Can sai mota ta yi shiru, batir ya ƙare. Sa'ar da muka yi, wurin caji yana kusa, har ƙyallen da aka yanka ranar buɗe shi yana nan yana lilo. Wutar ce dai ba a kawo ba. Ita ma tana hanya.

Muna tsaye sai ga Ba-Birki yana tafe, akori-kurarsa tana tari, ƙofarta ɗaure da igiya, tsagar da ke jikinta ɗan akuya zai wuce bai sunkuya ba. Ta cika maƙil da tumatirin waɗanda ba su ji labarin kyauta ba. Surukina ya bi shi da gudu yana kiransa babban yaya. Tsohon ya leƙo ya ce, "Ai ka ce zamani ya wuce ni. Bari in matsa, kada in tare masa hanya." Ya bar mu da hayaƙi.

Da turi muka isa, kasuwa ta tashi sai masu shara. Na haura baya in sauke kwanduna, na ji tsulum har gwiwa. Tumatirin ya zama ruwa, ya taru ya kwanta. Surukina ya zauna a bakin hanya ya haɗa kai da gwiwa. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da rigata da aka tsaga a kan hidimarsa.

Darakta ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe fuskarsa cike da murna, rabin haɓarsa fayau.

"Kun ga aiki? Ko ɗigo bai zuba ba!"

Gaskiya ne, a yaba wa mai kamfani: asarar surukina ta iso kasuwa cif, ba a rasa ko cokali ba. Na ji an ce gemun Darakta ba zai kai ƙarshen wata ba, za a fara neman gudummawa daga masu cin gajiya. Ni dai kaina sanƙo ne, haɓata kuma tun da safe na kai ta wurin mai aski.