Baƙon Toro a Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata a Gashuwa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da na sani. A da, a gidana ni ke da ta cewa a kan komai, daga ginin katanga har kiwon kaji. Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota daga Nguru zuwa Injamena, na zauna Kamaru, na ga Sudan. Wa zai koya mini wani abu? Yanzu kuwa akwai lungun da sai da izinin Hajiya, matata, nake shigarsa.

Surukina Malam Gambo, mahaifin matar ɗana, masunci ne daga Dagona. Da hantsi ya iso rungume da wani toron agwagwa fari tas, ƙato kamar ɗan rago, ya ce kyautar jaririya ce. Murna ta kama ni. Na riga na hango shi cikin agwagin Hajiya yana taƙama.

"Alhaji, a kife shi da kwando kwana uku," in ji Malam Gambo. "Su riƙa ganin juna ba su taɓa juna ba. Dusarsa daban, ruwansa daban."

Hajiya ta leƙo ta ce, "Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Bulama ba ya son baƙo." (Bulama shi ne tsohon toronmu, baƙi, mai ido ɗaya. Shekara huɗu yana mulkin bayan gida.)

Na yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. Na ce a bakin kogin Lagone na ga agwagi ɗari a gida guda, ba kwando ko ɗaya. (Ban faɗa musu daga tagar mota na hango su ba.) Na karɓi toron, na kira abokaina su zo kallo, na nufi bayan gida inda mata ke tuƙa tuwon suna, na sake shi.

Bulama ya miƙe wuya, ya yi huci, ya taho. Kafin in ƙifta ido ya haye baƙon, ya cafki ƙeyarsa yana danna kansa cikin kwatami. Farin gashi ya tashi sama. Kyautar suruki za ta mutu a gaban suruki, a ranar suna, da hannuna.

Na daka wa Bulama tsawa da Hausa. Na ƙara da Barbarci. Na zage shi da Larabcin Chadi, har Faransanci na taɓo. Malam Gambo daga bayana ya ce a hankali, "Alhaji, ko a gwada yarenmu Badanci?"

Sai na tattare babbar rigata, sabuwar shadda, na afka. Santsin kwatami ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin kashin agwagi. Bulama ya saki baƙo ya dawo kaina. Ina yunƙurin tashi ya kama bakin tazugena ya ja da baya. Na miƙe, wandona bai miƙe tare da ni ba. Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro babbar riga da alheri.

Mata suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Hajiya ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauko kwandon wanki ta kife farin toron, ta ɗora dutse, ta watsa wa Bulama dusa can gefe. Shi ke nan faɗa ya ƙare.

Malam Gambo ya miƙo mini hulata, ya ce, "Sannu Alhaji. A Kamaru ma haka ake yi?"

Toron ya rayu. Kwana uku ya yi a kwando, da aka buɗe shi Bulama ya yi masa huci sau biyu, suka wuce kaskon dusa tare. Na gane cewa abin da aka hango ta tagar mota kallo ne, ba sani ba. Tun daga ranar duk baƙuwar agwagwa sai ta kwana uku a kwando, kuma bayan gida ya koma hannun Hajiya.