Ranar da Sajan Hockenberry Ya Sauke Jirage Goma Sha Ɗaya

Mu mutanen Tilden Fork Allah ya yi mana gata, domin duk faɗin Nebraska mu kaɗai ke da Sajan Lyle Hockenberry. Shekara ashirin da biyu ya yi a sojan sama, zaune a hasumiya, yana ba jiragen yaƙi izinin tashi da sauka. Bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Amma kamar yadda yakan tuna mana, matuƙi ai direba ne kawai, mai sama yana ƙasa. A bayan idonsa Mai Sama muke kiransa. A gaban idonsa ma haka, don ya ɗauka da gaske muke.

Kullum da hantsi yana shagon kofi na Verna, yana ba mu labarin makarantar horo kyauta.

"Mu arba'in aka ɗauka, bakwai muka fita," in ji shi. "A zaunar da kai a ɗaki mai duhu, ɗigo goma sha biyu na yawo a allo, kowane ɗigo mutum ne mai mata da 'ya'ya. Malami na tsaye a bayanka yana maka ihu a kunne. Ƙarti kuka suke yi. Ni hamma na yi."

Shekarar da ya dawo gari ɗigon nan shida ne. Haihuwa suke yi.

Ritaya ba ta rage masa aiki ba. Ranar Lahadi shi ke jera motoci a harabar coci, ko fasto ba ya fakin sai an ba shi titi. A gida kuwa matarsa Doreen ba ta fitowa daga kicin da miya sai da izini.

"Dakata a bakin ƙofa, Doreen. Kare na kan hanya."

"Lyle, tukunyar na ƙona ni."

"An ji. Ci gaba da dakatawa."

Duk watan Agusta manoma masu ƙananan jirage sukan sauka a filin ciyawa na bayan gari, su ci fanke da soyayyen ƙwai, su koma. Shekara talatin suna sauka da kansu, kowa na gaya wa ɗan'uwansa ta rediyo inda yake. Bana Sajan ya tsaya gaban kwamitin shirya taron ya ce sa'a muke ci, ba tsari ba, kuma ranar da ta ƙare kada wanda ya zo masa da kuka. Kwamiti ya tsorata, ya miƙa masa aikin sauke jiragen. Magajin gari har ya yi alkawarin in taro ya tashi lafiya za a sa wa filin sunansa.

Ranar ta zo. Sajan ya shiga kakinsa, maɓalli biyu suka ƙi. Ya hau amalanken ciyawa riƙe da oba-obar da ya saya a gwanjo, ya buɗe murya.

"Mai ja, zaga hagu, kada ka tsaya sai na ce. Mai fari, biyo bayansa. Mai ja, sauko ƙafa dubu biyu. Da kai nake."

Jirage kuwa suka yi ta sauka, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗaya, ko fiffike bai gogi fiffike ba. Mu da muka zo dariya kunya ta kama mu. Verna ta fara tafi, muka taya ta. Sajan ya karɓi lasifika, ya ce shi ba mai son yabo ba ne, ya yi minti ashirin yana bayanin dalili.

Yana cikin haka Odessa Rademacher, tsohuwar da ke feshin gonaki da jirginta, ta matso da farantin fanke a hannu.

"Lyle, wai da wa kake ta magana tun safe? Mu dai a sama ba mu ji kowa ba. Yadda muka saba muka yi."

Kafin ya amsa sai ga wata jar tirela ta kutso cikin fili, maƙare da talo-talo, suna ta kuka. Direban ya diro, rigarsa sharkaf da gumi, ya nufi amalanken, ya cire hula.

"Yallaɓai, kai ne a tashar direbobin manyan motoci? Na ɗauka 'yan sanda ne. An ce mai ja ya zaga hagu kada ya tsaya. Sau goma sha tara na zaga garin nan, mai ya kusa ƙare mini, sai na hango ka."

Sajan ya dubi oba-obar, ya dubi talo-talon.

"Duk abin da ka ce na yi," in ji direban, yana murza hular. "Abu ɗaya ne ya gagare ni, saukowa ƙafa dubu biyun nan. Na duba ko'ina ban ga ta inda ake bi ba."