Rasuwar Masaƙiya, na'urar da ba ta ƙarasa mariƙin cokalin Baba ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tabon ƙuna, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Masaƙiya, ƙaramar na'urar nan tawa mai narkar da zaren roba ta gina abu hawa-hawa. Ta cika ne jiya da hantsi a kan teburin falo, tana tsakiyar aiki.

Ba don sha'awa na kawo ta gidan nan ba. Tun da ciwo ya taɓa hannun Baba na dama, yatsunsa suka daina riƙe cokali, shi kuwa ya ce gara yunwa da a ba shi abinci a baki. Aka ce mini wannan na'ura za ta iya yin mariƙi daidai tafin hannunsa. Ni da ko ƙwan lantarki ban taɓa canzawa ba, na zauna koyon zane a kwamfuta, da daidaita farantin da take gini a kai, da gane zafin da roba ke so.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa yi mini gori ba, duk shirmen da na ba ta sai ta gina shi da gaskiya. "Zuu, zuu, ƙit," haka take yi tun safe, Baba na gefe a kujerarsa yana kallo. Mariƙin farko ya yi masa faɗi, na biyu ya karye a miya. Ya ce, "'Yar nan, sake gwadawa, ai ita ba ta gaji ba."

A makon jiya na dace da awon hannunsa. Ran nan ne kuma ta fara tari, "ƙas, ƙas," bakinta ya toshe. Na soka allura, na sauya zare, na roƙe ta. Mai gyaran rediyo ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, wannan sai haƙuri." Jiya na lallaɓa ta ta tashi, ta kai rabin mariƙin, ta yi "tiii" sau ɗaya, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar kwali cike da mariƙai marasa amfani, da dunƙulen zare kamar sheƙar tsuntsu, da rabin mariƙi mai kyau wanda cokali ba ya shiga cikinsa, da ni da na iya zane yanzu amma ban san inda zan kai shi ba.

Za a mayar da ita kwalinta gobe da safe, a ɗora a kan kabad. Ana karɓar gaisuwa a gida kowane lokaci, ban da lokacin cin abinci. Baba ya yarda in riƙa ba shi a baki, da sharaɗin a rufe ƙofa.